Tsohon injin wanki mai buɗewa ta sama: me ƙa'idar Basel ta canza, kuma yaushe gyara ke da amfani?

Ranar 1 ga Janairun 2025 wani gyara da aka yi wa Yarjejeniyar Basel, wadda ke tsara ƙetare iyakokin ƙasashe da shara mai haɗari, ya fara aiki, kuma wanda ya tsinci labarin sama-sama zai iya ɗauka cewa an rufe ƙofar kayan lantarki na gwanjo ke nan, daga firji har injin wanki. A arewacin Kamaru da Chadi batun ba ƙarami ba ne, domin da yawa daga injinan wankin da ke gidaje da shagunan wanki da guga a Garwa, Marwa, Kusseri da Injamena sun riga sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, su bi jirgin ƙasa ko tirela zuwa Ngaundere, sannan su ƙarasa arewa. Mai irin wannan inji yana da tambaya biyu a gabansa: in nasa ya tsaya, zai sami wani cikin sauƙi? Kuma wanda ya tsaya ɗin, mutuwa ya yi ko ciwo kawai yake yi? Tambaya ta biyu ce ta fi cin kuɗin mutane, domin ana yanke wa injina da yawa hukuncin mutuwa alhali abin da ya lalace a cikinsu bai fi tafin hannu ba.

Abin da ƙa'idar ta ce

An amince da Yarjejeniyar Basel a 1989 domin tsara yadda ake ƙetare iyakokin ƙasashe da shara mai haɗari. Ƙasashen Afirka sun ga ba ta yi tsaurin da suke so ba, sai suka ƙulla tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da irin wannan shara cikin nahiyar. Sabon gyaran, wanda Ghana da Suwizalan suka gabatar aka kuma amince da shi a 2022, ya ce duk sharar kayan lantarki, mai haɗari da marar haɗari, ba za a ɗauke ta daga wata ƙasa zuwa wata ba sai an sanar da ƙasar da za a kai wa, ita kuma ta yarda tun kafin kayan su tashi.

Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce shara. Injin da aka gwada, aka tabbatar yana aiki, aka aiko shi domin a ci gaba da amfani da shi, kayan hannu ne, ba a lissafa shi cikin shara. Wanda ake nufi shi ne mataccen da aka cusa cikin kwantena don cike gurbi. Dokar Tarayyar Turai ta 2012 kan sharar lantarki ma ta riga ta ɗora wa mai fitar da kaya nauyin nuna shaidar cewa an gwada su. Saboda haka ba a haramta gwanjo ba. Abin da ake iya tsammani, in an aiwatar da ƙa'idar sosai a tashoshin da kaya ke tashi, shi ne matattun injina su ragu a cikin abin da ke isowa, kuma a nan ne batun ya taɓa mai gyara, tunda matattun injinan su ne rumbun da yake ciro famfo, bawul da agogo.

Akwai wata doka ta Turai da ake haɗa ta da wannan bisa kuskure. Daga 1 ga Maris 2021 an wajabta wa kamfanoni su tanadi kayan gyaran injin wanki na tsawon shekara 10. Dokar ta shafi samfuran da aka fitar kasuwar Turai daga wannan lokaci ne, ba ta komawa baya ta rufe injin da aka ƙera shekara 20 ko 30 da suka wuce.

Suna ɗaya, iri uku

Idan aka ce inji mai buɗewa ta sama, abu uku ne mabambanta ke amsa sunan, kuma rashin rarrabe su yana jawo gyara na kuskure. Na farko shi ne mai tukunya biyu, ɗaya ta wanki ɗaya ta matse ruwa, wanda kamfanonin Asiya suka cika kasuwa da shi. Yana da faifai a gindin tukunyar wanki da ke juya ruwa, da moter biyu, wato injinan lantarkin da ke juya kowace tukunya, da agogon da ake murɗawa da hannu. Ana iya zuba masa ruwa da bokiti, kuma ruwan datti yana gangarowa ne da kansa ta tiyo ba tare da famfo ba.

Na biyu shi ne na Faransa, siriri mai faɗin kimanin santimita 40, irin su Brandt, Vedette da Thomson. Murfinsa a sama yake, amma gangar da ke ciki a kwance take juyawa kamar ta inji mai ƙofa a gaba, da 'yan ƙofofi biyu na ƙarfe a jikinta. Yana jan ruwa da kansa, yana dumama shi da hita, yana fitar da shi da famfo, kuma wani agogo mai haƙora ne ke ba kowane sashe umarni bi da bi. Na uku shi ne ƙaton na Amurka, irin su Maytag da Whirlpool, mai sanda a tsakiya kamar muciya da akwatin giya a ƙasa. Bai yawaita a nan ba, amma shi ne ya fi kowanne rikici da wutarmu.

Tushen ciwon: wuta, ruwa da zafi

Wutar Kamaru da Chadi volt 220 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka volt 120 ce mai kaɗawa sau 60, kuma injin da aka yi wa kasuwar cikin gida ta Japan volt 100 yake ci. Taransfoma tana rage ƙarfin wuta, amma ba ta canza yawan kaɗawarta, don haka moter na Amurka a nan yana rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na gudunsa, yana ƙara ɗaukar zafi, agogonsa ma yana jan ƙafa. Mai irin wannan inji da ke kukan cewa ba ya matse kaya sosai yana iya kashe kuɗi wajen gyaran abin da bai lalace ba.

Ko injin da ya dace da wutarmu yana shan wahala idan ta yi rauni. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a farkon shekarun 1980, kuma lokacin da ruwanta ke ja baya shi ne lokacin da zafi ke haura digiri 40, daga Maris zuwa Mayu, kowa ya kunna fanka da firji. Idan wuta ta yi ƙasa, moter mai ɗauke da kaya yana jawo ta fiye da ƙima domin ya cika aikinsa, wayoyin cikinsa su yi zafi, fentin da ke rufe su ya gasu sannu a hankali. Yawan ƙonewar moter daga nan yake farowa, tare da cusa wa inji barguna da manyan riguna fiye da nauyin da aka rubuta masa.

Ruwa kuma yana da nasa. Bawul ɗin da ke shigar da ruwa cikin inji mai sarrafa kansa yana buƙatar matsi, galibi akalla rabin bar a ma'aunin matsin ruwa, wanda ya yi daidai da tankin da ke sama da injin da mita 5. Tankin da aka ɗora a kan 'yan bulo ba zai ba da wannan ba. Ruwan rijiyar burtsatse yana zuwa da yashi, a wasu wurare kuma da farar ƙasar da ke daskarewa a jikin hita. Sai zafin rana da ƙurar hunturu, waɗanda ke busar da duk wata roba har ta tsage, da ɓeraye da ke samun mafaka a ƙarƙashin inji suna gaigayar waya.

Bin matsala daga alamarta

Kafin a kwance kusa ko ɗaya sai an zare fulogi daga soket, a rufe ruwa. Kondansa, wato 'yar gwangwanin da ke taimaka wa moter ya tashi, tana iya riƙe wuta bayan an kashe inji, don haka mai gyara yakan sauke abin da ke cikinta kafin ya taɓa bakinta.

Injin da bai nuna alamar rai ba kwata-kwata, daga waje ake fara binsa: soket, fulogi, igiyar wuta, fiyus, sannan makunnin da ke ƙarƙashin murfi. An yi wannan makunni ne domin inji ya ƙi juyawa da gudu idan murfi a buɗe yake, kuma ɗan harshen robar da ke danna shi yana karyewa da tsufa. Mitar gwaji tana nuna lafiyarsa cikin minti ɗaya.

Alamar da ta fi jawo hukuncin gaggawa ita ce moter ya yi gurnani amma ya ƙi juyawa. Jin haka, sai a ce moter ya ƙone. A inji mai tukunya biyu da tsofaffin na Faransa, wadda ya kamata a fara zargi ita ce kondansa, musamman in ta kumbura ko tana tsiyayar mai. Ana rubuta ƙarfinta a jikinta da ma'aunin maikurofarad, kuma sabuwar da za a saka dole ta zo daidai da wannan lamba, mai jure volt 400 ko 450. Wasu kan saka wadda ta fi girma don inji ya ƙara ƙarfi, abin da ke ƙara wa moter zafi ya rage masa kwana. Idan kondansa lafiya take, sai a zare bel a juya moter da ganga da hannu, kowanne daban, domin a gane wanne ne ya cije. Sau da yawa safa ce ko igiyar wando ta naɗe a ƙarƙashin faifai. Moter da ya ƙone da gaske yana da warin da ba ya ɓuya, wayoyinsa sun yi baƙi, kuma mita tana tabbatarwa. A injinan Faransa na baya-baya, moter yana aiki da wasu 'yan gawayi biyu da ke gogar sandarsa. Idan suka cinye, inji yakan ɗebi ruwa ya fitar amma ganga ba ta motsi, ko ta yi tartsatsi tana fizga, kuma canza su ƙaramin aiki ne.

In kuwa ana jin moter yana gudu amma kaya ba sa motsi, bel ne ya saki ko ya tsinke, ko haƙoran da ke riƙe faifai sun cinye. A injinan Whirlpool da ba su da bel, wata 'yar mahaɗa ce ta roba tsakanin moter da akwatin giya, wadda da gangan aka yi ta don ta karye idan nauyi ya yi yawa, ta kuɓutar da moter.

Ruwan da ya ƙi shiga, sai a kwance tiyo daga bayan inji a duba 'yar rariyar da ke bakin bawul, wadda yashi ke toshewa. Ruwan da ya ƙi tsayawa yana da gwaji mai sauƙi: a zare fulogi. In ya ci gaba da zuba, bawul ne ya cije a buɗe. In ya tsaya, matsalar tana wajen ma'aunin ruwa, wanda ke gane cikar tukunya ta hanyar iskar da ruwa ke turawa cikin wani siririn tiyo. Huji kamar na allura a jikin wannan tiyo, ko dattin sabulu a bakinsa, ya isa ya sa inji ya yi ambaliya.

Na taɓa tsayawa a wani gida a Garwa inda injin Faransa ya tsaya cike da ruwa, uwargida ta riga ta fara tambayar farashin wani. Mai gyaran ya kwantar da tiyo cikin baho ya tsiyaye ruwan, ya shimfiɗa tsumma, ya murɗe marfin famfon da ke ƙasa. Baƙin ruwa mai wari ya biyo, sannan ya sa yatsa biyu ya fara zaro abubuwa yana jerawa a kan siminti: tsabar sefa 100 da ta yi kore, fil ɗin hijabi uku, maɓallin riga, da ƙwallon dabino da ya maƙale tsakanin fikafikan famfon. Ya juya fikafikan da yatsa ya ga suna tafiya, ya mayar da marfin, inji ya fitar da ruwa. Abin da ya roƙi Hajiya kawai shi ne a riƙa laluba aljihun yara kafin a zuba kaya. Tsayin tiyon fitar da ruwa ma yana da ƙa'ida: inji mai famfo yana son bakin tiyon ya ɗaga sama da santimita 60, in ba haka ba ruwa zai riƙa zurarewa yana shiga yana fita, mai tukunya biyu kuwa sai an kwantar da tiyonsa ƙasa.

Ƙara mai kama da ta jirgi lokacin matsa, alamar boris ne, kuma kusan kullum robar da ke tsare shi daga ruwa ce ta fara lalacewa, don haka canza boris ba tare da robar ba gyara ne da ba zai daɗe ba. A nan injin Faransa mai buɗewa ta sama yana da wata fa'ida, domin a yawancinsu ana kaiwa ga boris ta gefe bayan an cire bangon inji, ba sai an fasa tukunya ba. Rauninsa kuma 'yan ƙofofin ganga ne. In ba a rufe su da kyau ba suna buɗewa cikin juyi su cije, kuma tilasta gangar da ƙarfi yana iya lanƙwasa su ko ya fasa hita.

Alama ɗaya ce ba ta jiran gobe, wato inji ya riƙa jan mutum idan ya taɓa jikinsa ko ruwan ciki. Galibi hitar da ta tsage ce, ko wayar da ɓera ya feɗe, ko ruwa ya ɗiga kan moter. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa, kuma mai wanki yana tsaye ne ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Maganin shi ne a daina amfani da injin har a gano inda wutar ke zurarewa, a kafa wayar ƙasa ta gaske, a kuma saka makatsar wuta mai miliamfiya 30, wadda aka yi don kare ran mutum.

Inda masu gyara suka rabu

Saɓani na farko a kan moter da ya ƙone ne. Masu goyon bayan sake naɗa waya suna cewa ƙarfen tsohon moter ya fi na yanzu nauyi da inganci, kuma naɗi yana mayar da shi kan ainihin mazauninsa ba tare da walda ko ƙarin huji ba. Masu son a nemo wani daga mataccen inji suna cewa naɗin hannu ba ya kai na masana'anta, kuma wasu masu naɗi suna rage kaurin waya ko yawan zagaye. Duka biyun suna da gaskiya gwargwado. Moter mai kondansa yana karɓar naɗi da kyau a hannun gwani mai amfani da jan ƙarfe na ainihi, amma mai gawayi naɗinsa ya fi wuya, kuma nan musanya ta fi dacewa.

Na biyu a kan cire hita ne. Dumama ruwa ne ke cin kaso mafi yawa na wutar inji, hitar kanta tana kai wat 2000, ga shi kuma ruwan da ya wuni a tanki a Marwa ya riga ya yi ɗumi. Cire ta yana rage kuɗin wuta, yana sauƙaƙa wa janareta, yana kuma kawar da babbar hanyar zurarewar wuta. Matsalar ita ce wasu agogunan suna tsayawa su jira ruwa ya kai zafin da aka zaɓa kafin su wuce gaba, don haka dole a bar maɓallin zafi a kan sanyi, kuma a rufe bakin wayoyin da aka cire da kyau.

Na uku shi ne haɗe wayoyin makunnin murfi domin inji ya yi aiki ko a buɗe. Hujjar masu yi ita ce ba a samun makunnin kuma mai kaya yana gaggawa. Wannan hujja ba ta da nauyi idan aka auna ta da tukunyar matsa mai juyawa ɗaruruwan zagaye a minti ɗaya, a tsakar gidan da yara ke wasa.

Gyara ko saye

Shekarun inji ba su ne ma'auni ba, sashen da ya lalace shi ne ma'auni. Kondansa, bel, gawayi, bawul, famfo, tiyo da makunni duk ƙananan kaya ne, da yawansu ma suna shiga daga wani samfuri zuwa wani. Tsatsar da ta huda tukunya, sandar ganga da ta cinye, akwatin giyar da ke zubar da mai, ko agogon Faransa da haƙoransa suka ƙone ba a kuma sami irinsa ba, waɗannan ne ke sa kuɗin gyara ya kusanci kuɗin wani injin.

Masu ba da shawarar sabon inji suna da hujja mai ƙarfi ta fuskar ruwa. Tsohon na Amurka yana iya shan lita 150 a wanki ɗaya, fiye da jarka 7 masu lita 20, alhali na zamani mai ƙofa a gaba yana wadatuwa da kimanin lita 50. Ga gidan da ke sayen ruwa daga 'yan ga-ruwa, wannan bambanci yana cinye ribar arhar gwanjo cikin 'yan watanni. Masu riƙe da tsoho kuma suna nuni da allon lantarkin da ke sarrafa sabon inji, wanda hawa da saukar wuta ke iya kashewa farat ɗaya, kuma sau da yawa ba a gyara shi sai dai a canza, in an samu. Agogo mai haƙora kuwa in wuta ta ɗauke yana tsayawa inda yake, ta dawo ya ci gaba. Mai tukunya biyu yana tsakiya: yana cin lokacin mai wanki, amma ba ya buƙatar matsin famfo, kuma ana iya wanke fararen kaya sannan masu launi da ruwan sabulu ɗaya.

Abin da zai iya biyo baya

Ga mai saye, raguwar matattun kaya a kwantena alheri ne, domin damar ya biya kuɗi ya kai gida ya tarar da gawa za ta ragu, ko da yake kuɗin gwaji da takardu a can yana iya hawa kan farashi a nan. Ga mai gyara da masu wanki da guga, waɗanda tsayuwar inji kwana uku asarar abokan ciniki ce gare su, abin da zai yi tsada shi ne kayan gyaran samfuran da aka daina ƙerawa. Wannan yana ƙara wa mataccen injin da ke ajiye a bayan gida daraja, don haka kafin a miƙa shi ga 'yan gwangwan a kan kuɗin ƙarfe, ya dace a bar mai gyara ya ciri famfo, bawul, agogo da moter. Kondansar injinan da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1980 tana iya ƙunsar wani mai mai guba, don haka ba a fasa ta, ba a kuma jefa ta wuta tare da wayoyin da ake ƙonawa don ciro jan ƙarfe.

Wanda zai sayi na gwanjo a yanzu yana da hujjar neman a gwada masa shi a gabansa, tunda sharaɗin shigowarsa ke nan tun daga can. Sai ya karanta farantin da ke bayan injin ya ga volt 220 ko 230 da kuma kaɗawa 50, ya juya ganga da hannu ya saurari boris, ya leƙa ƙarƙashi ya duba tsatsa da sawun mai, sannan a zuba ruwa a bar shi ya wanke, ya fitar, ya matse, kafin a yi maganar kuɗi.